Gurbin Wata Uku a Katin Gwaggo: Tarihin Bibiyar Bijirewar Ƙwayar HIV ga Magani

Gabatarwa

A cikin adakar kakata, ƙarƙashin zannuwan da aka daɗe da daina ɗaurawa, na tsinci katin asibitin gwaggona. Takarda ce mai kauri wadda ta yi ja saboda tsufa, an jera mata ranakun karɓar magani wata bayan wata tun daga 2003, kowace rana da sa hannun ma'aikacin da ya miƙa maganin. Da na kai ga shekarar 2004 sai na tarar da gurbin wata uku babu rubutu, daga nan ranakun suka ci gaba kamar ba abin da ya faru. Gwaggo ta rasu a 2008, ina ɗan shekara tara. Abin da na ji manya suna faɗi ƙasa-ƙasa a zaman makoki shi ne, "Magani ne ya daina karɓarta."

Tarihi na karanta a jami'a, kuma malamanmu sun sha nanata mana cewa wurin da takarda ta yi shiru shi ma shaida ne. Wannan ya sa na ɗauki gurbin nan da jimlar nan ta zaman makoki na bi sawunsu. Sawun ya kai ni ga tarihin yadda duniya ta gano cewa ƙwayar HIV tana bijire wa magani, da yadda ta koyi ƙidayar wannan bijirewa, da kuma yadda ƙidayar ta zama abin da hukumomi suke dubawa kafin su yanke shawara a kan rayukan miliyoyin mutane. Tarihin da zan bayar ke nan.

Darasin da ya riga ƙanjamau zuwa

Tun kafin a san da ƙanjamau likitoci sun ga ƙwayar cuta ta gagari magani. A jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai iya horar da ƙwayoyin cuta su jure masa. Ba a jima ba maganarsa ta tabbata a kan tarin fuka. Gwajin maganin sitireftomaisin da aka wallafa a Ingila a 1948 ya nuna masu jinya sun samu sauƙi da farko, amma cikin 'yan watanni ƙwayar da ke jikin mafi yawan waɗanda aka auna ta daina jin maganin. Mafitar da aka samu a shekarun 1950 ita ce haɗa magunguna biyu ko uku a lokaci guda.

Mu ma a nan gida muna da namu misalin. Iyayenmu sun tashi da kulorokwin a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro, har ya kai lokacin da mutum zai shanye ƙwayoyin nan masu ɗaci, ya sha ƙaiƙayi, zazzaɓi bai sauka ba. A 2005 Najeriya ta sauya shi da magungunan haɗi. Saboda haka darasin tsoho ne. Abin mamaki shi ne yadda aka sake koyonsa daga farko da ƙanjamau ya zo.

Magani na farko da tsagewar farko

A ranar 5 ga Yuni, 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton samari biyar a birnin Los Angeles da suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba ya kama mai garkuwar jiki. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, cikinsu har da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka ware ƙwayar da ke haddasa cutar. Sai a watan Maris na 1987 Amurka ta amince da magani na farko, wato AZT, wanda aka haɗa tun 1964 da nufin yaƙar kansa amma aka jingine shi. Kuɗinsa ya kai wajen dala 10,000 a shekara.

Murna ba ta daɗe ba. A 1989 Brendan Larder da Graham Darby da Douglas Richman suka wallafa cewa ƙwayar da aka ciro daga jikin waɗanda suka sha AZT wata shida ko fiye ta rage jin maganin ƙwarai. A 1993 aka samu rahoton mutumin da ya kamu da ƙwayar da ta riga ta bijire tun a jikin wani, alhali shi bai taɓa shan maganin ba. Babban gwajin Concorde, wanda Birtaniya da Faransa da Ailan suka gudanar, ya ƙara nuna cewa fara shan AZT shi kaɗai da wuri ba ya tsawaita rai.

Dalilin ya fito fili a tsakiyar shekarun 1990, ta hanyar binciken David Ho da George Shaw da abokan aikinsu. Tsarin halittar HIV yana da haruffa kusan 10,000, kuma sinadarin da ƙwayar take kwafar kanta da shi kamar marubucin hannu ne mai gaggawa wanda ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta. Kuskure yana yawaita. An ƙiyasta cewa jikin wanda ba ya shan magani yana samar da ƙwayoyi kimanin biliyan 10 a kullum. A cikin wannan ɗimbin kwafi, dole a samu wanda kuskurensa ya dace da kauce wa magani. Idan magani ɗaya ake sha, zai kashe sauran ya bar wannan, shi kuma ya hayayyafa ya cika fili. Idan kuwa uku ne a haɗe, da wuya kwafi guda ya zo da kurakuran da za su kuɓutar da shi daga dukkansu.

A taron duniya kan ƙanjamau da aka yi a Vancouver ta Kanada a Yulin 1996 aka bayyana nasarar haɗin magani uku. Mace-mace suka ragu sosai a Turai da Amurka. A can, karanta tsarin halittar ƙwayar kowane mai jinya kafin a zaɓa masa magani ya fara zama al'ada, kuma Robert Shafer na Jami'ar Stanford ya kafa rumbun tattara bayanan irin waɗannan sauye-sauye, wanda har yau masana a ko'ina suke dogaro da shi.

Afirka da gardamar agogo

A lokacin da Turai take murna, Afirka kudu da Sahara, inda mafi yawan masu cutar suke, tana binne 'ya'yanta. A nan ne tsoron bijirewa ya zama hujjar hana magani. Wasu masana suka ce nahiyar ba ta da ɗakunan gwaji ko tsarin raba magani, saboda haka kai mata magungunan zai haifar da ƙwayar da za ta gagari duniya. A ganinsu, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A watan Yuni na 2001 Andrew Natsios, shugaban hukumar ba da agaji ta Amurka a lokacin, ya fito fili ya ce 'yan Afirka da yawa ba su san agogo ba, don haka ba za su iya shan magani a kan lokaci ba.

Abubuwa suka sauya duk da haka. A Fabrairun 2001 kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya yi tayin haɗin magani uku a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. A Afrilun wannan shekara shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kuma a wannan taro ne Kofi Annan ya yi kiran a kafa asusun duniya, wanda ya fara aiki a 2002. A 2003 Shugaba George W. Bush ya sanar da shirin PEPFAR na dala biliyan 15 a shekara biyar.

Ƙidaya ce ta kashe bakin masu maganar agogo. Wani nazari da aka wallafa a 2006, wanda ya tattara bincike da dama, ya gano cewa kimanin kashi 77 cikin 100 na masu jinya a Afirka kudu da Sahara suna shan magani yadda ya kamata, alhali a Arewacin Amurka kashi 55 ne. Ban yi mamakin wannan ba. Kakata ta gaya mini cewa kiran sallar asuba da na magariba su ne agogon Gwaggo, kuma ko a gidan biki take sai ta ɓalle ƙullin bakin zaninta ta haɗiyi ƙwayarta.

Amma tsoron bijirewa yana da tushe, sai dai an ɗora laifin a inda bai dace ba. Gwajin da aka yi a Kampala ta Yuganda, wanda aka bayyana a 1999, ya nuna cewa ƙwayar nebirafin guda ɗaya ga mai naƙuda, da ɗigo ɗaya ga jaririnta, suna rage kamuwar jarirai da kusan rabi. Hanya ce mai araha wadda ta ceci yara masu ɗimbin yawa. Daga baya bincike a Tailan da Botsuwana ya nuna kuɗin da aka biya: a jikin wasu iyayen, wannan ƙwaya ɗaya ta isa ta zaƙulo ƙwayar cuta mai bijirewa, kuma waɗanda suka fara cikakken magani mai ɗauke da nebirafin ba da jimawa ba bayan haihuwa sun fi fuskantar gazawarsa.

Najeriya da gurbin 2004

An tabbatar da ƙanjamau a Najeriya a tsakiyar shekarun 1980. Gwajin mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a 1991, ya hau zuwa 5.8 a 2001. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta fara shirinta na magani a cibiyoyi 25, da burin kai wa ga manya 10,000 da yara 5,000, da magungunan da aka sayo daga Indiya. Mai jinya yana biyan naira 1,000 a wata, ban da kuɗin gwaje-gwaje da na mota. Gwaggo, wadda mijinta ya riga ta tafiya, da ɗinkin hula take haɗa wannan kuɗi.

Shirin ya ɗebi mutane fiye da maganin da ke ƙasa, kuma zuwa 2004 magani ya yanke a cibiyoyi da dama na tsawon watanni. Nan ne gurbin katin ya samu fassara. Haɗin da ake bayarwa a lokacin yana ɗauke da nebirafin, wanda yake da rauni biyu. Sauyin harafi ɗaya tak a tsarin ƙwayar cuta ya isa ya kashe amfaninsa, ya kuma shafi ɗan'uwansa ifabirenz. Sannan yakan daɗe a jini fiye da abokan haɗinsa, ta yadda idan aka tsaya da sha farat ɗaya, shi kaɗai zai rage yana fuskantar ƙwayar na kwanaki. Wato yankewar magani tana mayar da mai jinya zamanin 1987 ba da saninsa ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon Gwaggo ba ita ta tsaga shi ba.

An fara ba da magani kyauta a 2006. Gwaggo ta ci gaba da shan haɗin da ta saba, jikinta yana ja baya. Ba a taɓa auna yawan ƙwayar da ke jininta ba, balle a karanta tsarinta, domin a wancan lokaci irin wannan gwaji sai a 'yan ɗakunan bincike ƙalilan.

Yadda aka koyi ƙidaya

Matsalar da ta fuskanci Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce: ba za a iya gwada kowane mutum ba kamar yadda ake yi a Turai, amma kuma miliyoyin mutane suna shan haɗi iri ɗaya, wanda idan ya gaza zai gaza wa al'umma baki ɗaya. A 2004 hukumar ta kafa haɗakar masana da ɗakunan gwaji mai suna HIVResNet, ta kuma fito da dabarar da ta dace da aljihun ƙasashe matalauta. Maimakon gwada kowa, a gwada samfuri. A binciken farko-farko, jinin sababbin kamuwa da bai wuce 47 ba ya isa a ce bijirewa a wani gari tana ƙasa da kashi 5, ko tsakanin 5 da 15, ko sama da 15. Busasshen ɗigon jini a kan takarda ya sauƙaƙa aika samfuri daga wuraren da babu firji.

Dabara ta biyu ta fi burge ni, domin ba ta buƙatar na'ura. Ita ce alamomin gargaɗin farko: shin masu jinya suna karɓar magani a kan lokaci? Nawa ne suke nan bayan wata 12? Shin ɗakin magani ya taɓa yankewa? Amsoshin suna cikin rajista da katuna, irin wanda na tsinta a adaka. Gurbin da ma'aikaci ya tsallake a 2004 ya zama abin da ake ƙirgawa a kai rahoto.

Ƙidayar gida tana da wani muhimmanci. Yawancin binciken farko an yi shi ne a kan nau'in ƙwayar da ya yaɗu a Amurka da Turai, alhali a Najeriya wasu nau'o'i ne suka fi yawa, ciki har da wanda aka fara siffantawa daga samfurin Ibadan. A Afirka ta Yamma kuma akwai HIV-2, wadda tun asalinta ba ta jin nebirafin da ifabirenz.

Sannu a hankali alƙaluma suka fara magana. Binciken da aka wallafa a 2011 daga ƙasashe shida, wato Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zambiya da Zimbabuwe, ya samu bijirewa a jikin kashi 5.6 cikin 100 na waɗanda ba su taɓa shan magani ba, kuma ta fi yawa a Yuganda, inda aka riga sauran fara rabon magani. Saƙon a fili yake: gwargwadon daɗewar shiri, gwargwadon hauhawar bijirewa.

Lokacin da alƙaluma suka zama hukunci

A Yulin 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya sauya alƙibla. A ƙasashe 6 daga cikin 11 da aka bincika, fiye da kashi 10 cikin 100 na masu shirin fara magani suna ɗauke da ƙwayar da ta bijire wa nebirafin ko ifabirenz. Hukumar ta ja layi: ƙasar da ta kai kashi 10 ta gaggauta sauya maganin matakin farko. Ta kuma yi gargaɗin cewa idan aka naɗe hannu, za a iya samun ƙarin mace-mace 135,000 da sababbin kamuwa 105,000 cikin shekara biyar. Rahoton 2019 ya nuna ƙasashe 12 cikin 18 sun tsallake layin, kuma kusan rabin jariran da aka gano da cutar a ƙasashe tara na Afirka sun zo da ƙwaya mai bijirewa.

Madadin yana hannu. Dolutegrabir, wanda Amurka ta amince da shi a 2013, yana buƙatar sauye-sauye da dama kafin ƙwaya ta gagare shi. Botsuwana ta rungume shi a 2016, kuma a Satumbar 2017 aka cimma yarjejeniyar sayar da haɗinsa na ƙwaya ɗaya a rana a kan kimanin dala 75 a shekara. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fara gwada shi da wuri.

Sai ga wata ƙidayar ta taka wa wannan birki. A Mayun 2018 binciken Tsepamo na Botsuwana ya samu jarirai 4 cikin 426 da naƙasar laka da ƙwaƙwalwa, waɗanda iyayensu suke shan dolutegrabir lokacin ɗaukar ciki. Ƙasashe da dama suka hana mata masu shekarun haihuwa maganin. A Yulin wannan shekara mata masu ɗauke da cutar daga ƙasashen Afirka suka haɗu a Kigali ta Ruwanda, suka ce a gaya musu haɗarin a bar su su zaɓa. Da aka ƙara tattara haihuwa, adadin ya sauka zuwa kusan 3 cikin 1,000, daga baya bambancin ya kusa ɓacewa. A Yulin 2019 hukumar ta ba da shawarar dolutegrabir ga kowa, har da masu ciki. Wannan shekara guda ta koyar da cewa adadi kaɗan yana iya ruɗarwa, kuma waɗanda ake ƙirgawa suna da bakin magana a kan abin da za a yi da ƙidayar.

Kammalawa

Ƙidayar da Najeriya ta gudanar gida-gida a 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da cutar, mutum kimanin miliyan 1.9 a jimlace. Yawancin masu shan magani yanzu suna kan dolutegrabir. Amma a Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa, a cikin waɗanda maganin bai danne ƙwayar jininsu ba, bijirewa ga dolutegrabir ta kai tsakanin kashi 3.9 da 8.6 a wasu bincike, har 19.6 a tsakanin tsofaffin masu jinya da aka sauya musu magani ƙwayar tana da yawa a jininsu. Sannan a Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, kuma a watan Maris hukumar ta lissafa Najeriya cikin ƙasashe takwas da maganinsu zai iya yankewa.

Da na ji wannan labari, katin Gwaggo ne ya faɗo mini a rai. Tarihin nan ya nuna cewa abin da ke haifar da bijirewa sananne ne: magani ɗaya a inda ake buƙatar uku, tsadar da ke sa a raba ƙwaya biyu, ɗakin magani da ya wayi gari babu kaya, da mai jinyar da kunya ko kuɗin mota suka hana komawa asibiti. Ya kuma nuna cewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, aikin ƙidaya yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin yankewa, domin ba wanda yake kwance a gado yana jiransa. Amma ƙasar da ta daina auna jinin masu jinyarta, ta daina duba rajistarta, ba za ta san maganinta ya gaza ba sai a maƙabarta. Alƙawarin kashi 15 da aka ɗauka a Abuja tun 2001 yana nan yana jiran cikawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na mayar da katin cikin adaka bayan na ɗauki hotonsa. Kakata, wadda ba ta karanta boko, ta tambaye ni abin da na gani a ciki har na daɗe ina dubawa. Na ce mata, "Kaka, na ga Gwaggo ba ta taɓa fashin zuwa karɓar maganinta ba, sai watannin da babu shi." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ita dama ta sani, domin ita take raka ta tasha.